Takalman Jirgin Ceto

Kowace Asabar Viggo yakan buɗe ɗakin jirgin ceto ya goge takalman roba na mutum shida da ke jere a gindin bango. Nasa ne kaɗai suka rage da mai su. Sauran mutanen sun watse tun da kifi ya ƙaurace wa gaɓar tekun garin, wasu birni, wasu maƙabarta.

Da kaka hukuma ta aiko da jami'inta. Mutumin bai ja zance ba. In ba a samu mutum shida masu jini a jika ba, za a ɗauke jirgin a kai wani gari. Shi kuwa Viggo, shekarunsa sun riga sun cire shi daga lissafi.

Ba mutane garin ya rasa ba. Inda rumfunan raga suke a da, yanzu masana'anta ce mai ƙera fukafukan fankokin lantarki da ake kafawa a cikin teku. An yashe tashar jiragen ruwa, manyan jirage na shigowa ɗaukar kaya. Lokacin zafi kuma baƙi masu yawon shan iska sukan cika otal da bakin ruwa. Viggo bai taɓa gaida ko ɗaya daga cikinsu ba. A taron gari shi ne ya miƙe ya ce an sayar da teku an sayi fanka.

Matarsa Bodil, mai sayar da burodi da soyayyen kifi a ƙofar tasha, ita ta tare shi da maganar.

"Tsoho, gari cike da maza kana goge takalman matattu."

"Waɗancan? Ba su san gaban jirgi da bayansa ba."

"Kai da ka sani, ɗaga ƙafar ka hau mu gani."

Washegari ya sa hular zuwa coci ya nufi masana'anta.

Shugabar wurin Signe ce, 'yar marigayi mai gasa burodin garin. Tana ƙarama Viggo ya sha korarta daga kan jirgin da bakin igiya. Ta tafi birni karatu, aikin nan ne ya dawo da ita.

"Baba Viggo! Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

"Ba gaisuwa na zo ba. Maza nake so."

"Inna Bodil ta sani?"

Ko murmushi bai yi ba. Ya faɗi abin da ya kawo shi a tsaye. Ta ja shi cikin zauren aiki, ta nuna masa fiffike ɗaya kwance, ya fi cocin garin tsawo, ma'aikata na zuba masa danƙo.

"Ka ga wannan? In an fara zubi ba a tsayawa. In hannu ya ragu, danƙon zai daskare a karkace, sai bola. In jiniyarka ta kiran ceto ta yi kuka muna tsaka da shi, me zan ce wa masu kamfani?"

"Ki ce musu teku ba ta san lokacin tashi daga aiki ba."

Ta ce za ta duba. Ya san irin wannan dubawar. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, yana murza hula, bai waiwayo ba.

"Yarinya, roƙonki nake yi."

Tun da aka haife shi kalmar ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

Ranar Asabar ya tarar da mutum biyar a ƙofar ɗakin jirgi. Biyu daga masana'anta, ɗayansu Rimas, ɗan masunci daga ƙasar Lituwaniya. Biyu masu lodin kaya ne a tasha. Na biyar kukun otal ne, wani mai tumbi, wanda Bodil ta ce ba za ta ƙara sayar masa da kifi ba sai ya zo.

Viggo ya ƙirga su da ido. "Saura ɗaya."

"Ga ni," in ji Signe daga bayansu. "Ba zan tura mutanena inda ban je ba."

Takalman da suka rage nasa ne. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya tura mata da ƙafa. Sai da ta sa safa biyu kafin suka zauna.

Duk hunturu ya gasa musu aya a hannu da atisaye a teku. Kuku ya yi amai har ya ce a rubuta wa uwarsa.

"Riƙe igiya, mai tukunya, ba ludayi ba ce!"

"Baba, cikina ya dawo wuya!"

"Dama ya yi maka yawa."

Rimas kuwa shiru gare shi, amma hannunsa ya san sitiyari. Viggo ya lura, bai faɗa ba.

Jami'in ya dawo, ya ga shida, ya taɓe baki. Ya ce atisayen Asabar daban ne. Ranar aiki ake jin tsoro. Ya ba su zuwa ƙarshen zafi a gani a ƙasa.

Abin ya zo wata Talata da rana tsaka. Wani baƙo ya hau kwalekwalen roba na wasa da 'yarsa, iska ta juya daga tudu ta yi cikin teku da su. Matarsa ta zo da gudu tana kuka da wani yare. Viggo bai ji ko kalma ba, ya dai bi yatsanta da ido, ya danna jiniya.

Ya hau tarakta mai tura jirgi, ya zuba wa titi ido. Ya san an fara zubi tun safe, don Bodil ta ce ba wanda ya fito cin abinci. Titin wayam. Zuciyarsa ta ce, to, shi ke nan.

Sai ga kuku ya ɓullo da farin ƙyallensa a ƙugu, tumbi na rawa. Masu lodi suka biyo shi a kan keke ɗaya. Can ƙofar masana'anta ta buɗe, mutum uku suka fito a guje, Signe a gaba, danƙo har gwiwar hannu.

Ya tura su cikin igiyar ruwa, ya ja da baya. Karo na farko ke nan jirgin ya fita shi yana tudu. Ya tsaya da safa da takalmin gida, ruwa na dukan sawunsa, bai matsa ba har suka juyo. Yarinyar na naɗe cikin bargo a jikin kuku, uban na zaune a ƙasa yana rawar ɗari.

Fiffiken ya lalace. An kira Signe babban ofis ta sha faɗa, ta dawo da sharaɗin kada a ƙara haɗa masu ceto a layin zubi ɗaya. Hukuma ta bar jirgin. Wani yanki na lalataccen fiffiken aka yanko aka kafa shi rumfa a gefen ɗakin jirgi, yanzu a nan baƙi ke cin kifin Bodil in ana iska.

Bayan mako guda Viggo ya sake sa hular coci. Ya ɗauki busasshen kifin da ya shanya da hannunsa, wanda ko limamin coci bai taɓa samu ba, ya tsaya a ƙofar masana'anta lokacin tashi. Duk wanda ya fito ya ɗaga masa hula, har waɗanda bai sani ba. Da Signe ta iso ya miƙa mata ƙunshin.

"Na mene ne, Baba?"

Ya dubi jirgin da ake wa lodi a tasha, ya dubi takalmanta na ofis.

"Aikinku na ran nan," ya ce. "Ba laifi."

Rimas ya dubi kuku, wanda ya biyo ƙanshin kifi. Kuku ya dafe ƙirji.

"Ku riƙe ni, jama'a, zan faɗi."

"Faɗi mana," in ji Viggo. "Asabar dai ina jiranka."