Katin Alhaji Garuba

Ni na gina shafin intanet na ƙungiyar tsofaffin ɗaliban wata sakandare a nan Minna. Kati guda na ƙera, kamar abin buga bulo: sakataren kowane aji ya zuba bayanin mutum, kati ya fito. Abu huɗu kawai yake karɓa, suna, hoto, shekarar gamawa da sana'a. Ka tura masa launi ko girma, ya watso maka jan rubutu cewa bai karɓa ba. Da gangan na yi, don na san halin mutanenmu.

Ranar Talata sai ga shugaban ƙungiyar, Alhaji Garuba, a ofishinmu na Sabon Gari, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. So yake katinsa ya ninka na kowa, da zanen zinariya a gefe.

Ndatsu, abokin aikina, ya gwada sau uku, kati ya ƙi. Ya matso yana raɗa, "Kafayatu, buɗe masa hanya mana, shi kaɗai ne."

"Ba shi kaɗai ba ne," na ce da ƙarfi. "Na buɗe yau, gobe kowane sakatare ya kumbura mai gidansa, sauran mutum ɗari huɗu su koma kamar tururuwa."

Alhaji ya haɗe rai. "'Yata, in ba za ki iya ba, akwai masu iyawa a garin nan."

Wata uku na yi a kan aikin nan, ba na so ya kuɓuce mini. Amma na juya masa kwamfutar.

"Ranka ya daɗe, duba ajinku tukuna."

Ya gyara tabarau yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Can ya tsaya a kan wani dattijo mai hular kaba, a gurbin sana'a an rubuta masunci a madatsar ruwan Tagwai.

"Andrawus! Ashe yana nan da rai?" Muryarsa ta sauya. "Shi ya koya mini karatun Turanci a ƙarƙashin mangwaro. Ba don shi ba da an kore ni tun aji biyu."

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ɗago.

"To, bar nawa. Ƙara girman nasa."

"Shi ma ba zai yiwu ba, Alhaji."

Ndatsu ya dafe kai. Alhaji kuwa ya zuba mini ido har na fara tunanin tattara kayana. Sai ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"Bar mu haka, 'yata. Dama benci ɗaya muka zauna."