Tagogin Ɗakin Masu Tari

Da hantsi sakamakon gwajin ya fito, lokacin Babbar Sista tana rabon magani a ɗakin masu tarin fuka. Mai gwaji da kansa ya hauro bene, abin da bai saba yi ba, ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hannu.

"Na Maman 'Yan Biyu ne," ya ce a hankali. "Ta kamu. Kuma ya yi nisa."

Sista ta ajiye farantin maganin a kan gadon da ke kusa. Maman 'Yan Biyu nas ce, tare suka daɗe suna aiki a ɗakin nan. Mace ce mai jiki da yawan dariya, wadda ko mara lafiya ya ƙi cin abinci sai ta zolaye shi har ya buɗe baki. Kwanan nan take ta tari tana cewa mura ce, rigar aikinta kuwa kullum sai ƙara yi mata yawa take yi.

Sista ta ɗaga kai ta dubi ɗakin. Dogo ne, gadaje jere hagu da dama, kowane gado da mai kakinsa. Tagogi kuwa duk a rufe ruf. Tun ranar da iska ta buga wata taga gilashi ya zubo, maimakon a gyara ta sai aka turo kafinta ya bi su duka da ƙusa, wai kafin a gyara. Fanka na juyawa a sama, tana ɗebo numfashin wannan tana kai wa wancan. Takunkumi mai kauri, wanda ke tare ƙwayar cutar, yana sito a kulle, ba ya fitowa sai ranar da masu duba asibiti za su zo. Na kullum ɗan siriri ne kamar takarda, shi ma sai mutum ya sa shi har ya yi baƙi.

Sista ba ta tsaya neman izini ba, ta tura ƙofar ofishin shugaban asibiti. Sanyin na'ura ya dake ta a fuska. Ta faɗa masa abin da ya faru a tsaye.

"Allah ya ba ta lafiya," ya ce, yana gyara zama. "Amma Sista, wa ya san inda ta ɗauko? Tana shiga motar haya, tana zuwa kasuwa. Kada mu yi saurin ɗora wa asibiti."

"Kasuwa," ta maimaita. "Yallaɓai, matar da ke wuni tana tara wa mutane kwano suna tofa kaki, ita ce za ka ce a wajen mai tumatir ta ɗauko?"

"Ki sassauta murya."

"Na sassauta har na gaji. Sau nawa na zo nan kan tagogin nan? Kai rabonka da ɗakin tun ranar da baƙi suka zo, ranar ma takunkumi biyu ka ɗaura, kana tsaye daga bakin ƙofa kamar mai leƙen rijiya. Mu da muke ciki ba huhu gare mu ba?"

Ya ce za a kafa kwamiti. Ya ƙara da cewa, tun da ba a tabbatar a wurin aiki ta kamu ba, kwanakin jinyarta daga hutunta na shekara za a fara cirewa.

Nan ne idon Sista ya rufe. Ta juya ta fita, ta bar masa ƙofar a hangame. Ta zaga bayan asibiti inda kafinta ke da rumfa, ta tarar da shi yana gyaran ƙafar wani benci. Ta ɗauki guduma mai bakin cire ƙusa.

"Sista, lafiya? Ni fa umarni aka ba ni na buga su."

"Ban ce kai ka cire ba. Zauna abinka."

Ta hau kujera a gaban taga ta farko. Ƙusoshin sun yi tsatsa, sun kama katako kamar sun rantse. Ta danna, ta murɗa, gumi na bin wuyanta. Marasa lafiya suka miƙe zaune suna kallo. Mai shara ta ajiye tsintsiyarta ta zo ta riƙe mata kujera, ba tare da an ce ta zo ba. Taga ta farko ta buɗe da ƙara. Ta biyu ta ƙi, Sista ta ce a janye gadon da ke ƙarƙashinta, ta sa guduma ta tarwatsa gilashin. Wani guntun gilashi ya yanke ta a bayan hannu, ta naɗe wurin da bandeji ta wuce ta gaba. Ba ta sauka ba sai da iska ta ratsa ɗakin daga wannan bango zuwa wancan, labule na kaɗawa.

Wani tsoho da ke gadon ƙarshe ya ja numfashi ya ce, "'Yata, ashe akwai bishiya a bayan nan."

Kafin mako ya zagayo an ɗauke Sista daga ɗakin, an mayar da ita wajen yankar kati, saboda lalata kayan asibiti. An kuma aiko wa ɗakin da kwali ɗaya na takunkumi mai kauri. Da ya ƙare, ba a sake aiko wani ba.

Ranar hutunta ta je gidan Maman 'Yan Biyu. Ta same ta a ɗaki ita kaɗai, an ware mata kofi da kwano, ƙasusuwan wuyanta duk a waje. Tagwayen suna leƙe daga bakin ƙofa, an hana su shiga. Mijin, wanda direba ne, yana tsugune a tsakar gida yana fama da wankin tukwane.

"Yaya, an ce kin fasa musu gilashi," in ji mai jinyar. Ta fara dariya, tari ya ƙwace dariyar, sai da ta dafa bango.

"Da na sani da tun bara na fasa," Sista ta ce.

Da ta fito mijin ya raka ta bakin titi. Ya yi ta jan magana kafin ya ce ƙaramar cikin tagwayen ta daina cin abinci, kuma tana kwana tana jiƙa matashi da gumi. Bai gaya wa uwar ba.

Sista ta koma ciki, ta goya yarinyar, ta kai ta asibiti da kanta. Gwaji ya nuna ita ma ta kamu. Uwa da 'ya suka yi watanni suna shan magani, ƙwayoyin da ke tayar da zuciya su canja launin fitsari. Yarinyar ta warke sarai. Uwar ma ta warke, amma huhunta ɗaya ya taɓu, hawa bene ya gagare ta, sai aka ba ta aiki a ƙasa wajen awon jini. An tura wata sabuwar nas ɗakin masu tari a madadinta.

Ranar da sabuwar ta fara aiki, Sista ta tare ta a gaban teburin kati, ta kama hannunta ta ce, "Ƙanwata, duk ranar da babu takunkumi mai kauri, kada ki shiga. Ki zauna a kan benci, in an tambaye ki ki ce ni na ce."

Shugaban asibiti ya zo wucewa daidai lokacin, kowa ya miƙe yana gaishe shi. Sista ta ci gaba da yankar katinta, ta kira na gaba a layi.