Gawar Baba Abarshi

Ƙarfe sha ɗaya na safe, zafin bazara ya sauko a kan kwanon rufi, ko ganye ba ya motsi. Tun da asuba Baba Abarshi ya cika a ɗakin ɗansa Japhet a Unguwar Gabas, inda aka kawo shi jinya daga ƙauye. Tsohon bai taɓa shiga coci ko masallaci ba, addinin kakanninsa ya riƙe. Motar ƙauyensu da za ta kai gawar gida kuwa sai gobe, ranar kasuwa.

Japhet ya hau acaɓa zuwa Samaru, wajen fastonsu. Fasto ya riƙe masa hannu ya yi addu'a doguwa, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ba a yi masa baftisma ba. Maƙabartar ta 'yan ikilisiya ce. Sai dattawa sun zauna ran Lahadi."

"Fasto, yau fa Laraba."

Fasto ya sunkuyar da kai.

Japhet ya komo Unguwar Gabas, ya durƙusa gaban limamin layinsu, wanda kullum yake gaida tsohon. Liman ya yi masa ta'aziyya, ya tambaya a hankali ko marigayin ya yi kalmar shahada. Japhet bai iya ƙarya ba. Ya ce a'a.

A bakin ƙofar gidansa ya tarar da matarsa Keziya ta toshe hanci da gefen zane.

"Maigida, gawar nan ba za ta kai gobe ba. Ƙudaje sun fara."

Ya zauna a ƙasa. Ya tuna yadda yake matsa wa tsohon ya tuba, shi kuma yana dariya yana cewa, "Ni ban iya karanta littattafanku ba, yaro. Ran da rufina ya faɗi nake duba wa ya zo da tsani."

Sai ga ƙarar baro. Mama Funmilayo ce, Bayarabiyar nan mai sayar da ƙanƙara a bakin titi, gumi na zubo mata. Shekara shida suna layi ɗaya, bai taɓa sanin inda take ibada ba.

"Kai, tashi! Zama zai sanyaya shi? Kama nan."

Suka jera manyan ƙanƙara a gefen gawar, suka lulluɓe da buhuna.

"Da yamma a sake. Kar ki buɗe taga, Keziya."

Japhet na can yana gyara buhun da ya zame daga ƙafar Baba. Da ya ɗago, baron ya riga ya sha kwana.