Ɗinkin Bahago a Ƙafar Kyanwa

Ni Sailuba ban taɓa son kyanwa ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Kifi nake soyawa a cikin gida, maƙwabtanmu na unguwar Kusfa suna aikowa suna saye, to ina ni ina shiri da kyanwa? Shi ya sa ranar da maigidana, Malam Aƙilu, ya shigo da hantsi rungume da wata aba cikin rigarsa, na hango jela tana reto, sai da na ajiye matsami na miƙe tsaye.

"Malam, me zan gani haka?"

"Baiwar Allah ce. A bakin kwata na tsince ta, babur ya take mata ƙafa."

"To Allah ya ba ta lafiya. A can inda ka same ta."

Ko kallona bai yi ba. Ya shimfiɗa tsohon buhu a gindin rumfa ya kwantar da ita. Wata 'yar ramammiya ce mai ruwan toka, kunne ɗaya a yage, ƙafar gaba ta dama tana lilo. Ko kukan kirki ba ta iya yi, sai dai ta buɗe baki ta rufe.

A shekarun nan tsada ta matse kowa. Mu kuwa namu ya fi, domin Malam ɗinkin hannu yake yi, aikin wuyan babbar riga, wanda ya gada daga mahaifinsa. Da kekunan ɗinkin aikin riga suka cika gari, abin da yake wata uku yana yi sai yaran zamani su zuba shi a kwana biyu. Dillalai suka janye ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Har Alhaji Labaran na Ƙofar Galadima, wanda ya shekara ashirin yana kawo masa riguna, ya daina zuwa. Malam bai taɓa yin ƙorafi ba, amma na lura ya cusa gwangwanin alluransa can ƙarƙashin gado. Tukunyar kifina ce ke riƙe da gidan, ga shi an kawo mini mai cin kifi har gida.

Aka ce akwai likitan dabbobi a Samaru. Na ce wa Malam in yana da kuɗin motar zuwa Samaru, ya fara sayo mana gero. Ya sa hularsa, ya fita. Bai dawo ba sai tare da Dogara maɗori na Ƙofar Jatau, wanda ya ɗora rabin ƙafafun unguwarmu.

Malam ya kai kyanwar zaure, ni kuma ina leƙen su daga bayan ƙofa. Dogara ya yi dariya har da tari.

"Malam Aƙilu, shekara arba'in ina ɗori, na ɗora mutum, na ɗora akuya, yau kuma ka kawo ni ga kyanwa?"

"Ƙashi ai ƙashi ne, Dogara."

"Haka ne kuwa. Riƙe mini wuyanta, kada ta yi mini zane a fuska."

Ya tsaga karan dawa ƙanana, ya yi bisimilla, ya ja ƙafar, kyanwa ta saki wata ƙara da ban san tana da ita ba. Ya jera karan, ya naɗe da tsumma. Da Malam ya fara lalube a aljihu, Dogara ya ce kul, su a gidansu ba a yanka wa ɗori farashi, goro kawai za a ba shi. Sannan ya ja kunne.

"Kwana goma sha huɗu. Ranar da suka cika a kira ni in kwance. In ta samu abinci ƙafar za ta yi nama, ɗaurin ya matse ta. Aka bar shi ya wuce lokaci, ƙafar shanyewa za ta yi."

Jinya ta kankama. Ciwon da ke cinyarta Malam yake wankewa da ruwan gishiri mai ɗumi, ya shafa man kaɗanya. Abinci kuwa, kawunan kifi da na saba jefawa a miya suka koma nata. In na dama masa fura, sai ya tsiyaye nonon sama ya zuba mata a murfin kwano, shi ya sha gaya da ruwa. Shi yana kiran ta Baiwar Allah. Ni Ɓarauniya nake ce mata, tun kafin ta saci komai, don na san hali.

Matsala ɗaya ce, tsumman nan. Da ta ɗan farfaɗo sai ta sa haƙori ta warware shi. Malam ya ɗaure, ta kwance. Ya sake ɗaurewa, ta kwance. A na uku sai na ga ya durƙusa yana jawo gwangwanin nan daga ƙarƙashin gado. Ya samo guntun farar shadda, ya auna ƙafar, ya zauna a rana. Na ɗauka haɗe baki kawai zai yi. Ina! Hannun da ya saba ba ya jin magana. Kafin azahar sai ga zanen aska biyu irin na babbar riga, 'yan mitsi-mitsi, a jikin ƙyallen, ga ɗan zagayen tambari a gefe, da ragowar zaren tsamiya da yake ta ɓoyo shekara da shekaru.

"Malam, angwanci za ta je ne?"

"In za a yi abu, a yi shi da kyau."

Ya zagaya ƙyallen a kan karan, ya ɗinke shi ƙam a jikin ƙafar. Ta gwada haƙorinta yini guda, ko zare ɗaya bai motsa ba. Tana ɗingishi a tsakar gida da ƙafa mai aikin da ko hakimi zai yi fahari da shi. Gaskiya na yi dariya, kuma na ji daɗin ganin Malam da allura a hannu, ko da yake ban gaya masa ba.

Ranar kwana na goma sha biyu, na tsame wani babban kifin tarwaɗa da aka yi mini odarsa, na juya in ɗauko yaji. Ina waigowa na gan ta da shi a baki. Raina ya ɓaci, na wurga mata tsintsiya da duk ƙarfina. Ban san mai ƙafa uku tana gudu haka ba. Ta bi ta zaure ta fice, da kifin da komai.

Na ce yunwa za ta dawo da ita. Magariba ta yi, shiru. Gari ya waye, shiru.

Malam bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da tsumma ne da ta cire da kanta. Ni na ɗinke ta a ciki." Sai a lokacin gargaɗin Dogara ya faɗo mini. Malam ya zaga Kusfa lungu-lungu, ya kai har Ƙofar Jatau, yana tambayar mutane ko sun ga kyanwa mai aska biyu. Wasu suka yi dariya, wasu suka fara yi masa kallon tausayi. Ni kuwa na ajiye kan kifi a bakin rariya, na kore kaji na tsare shi kamar mai gadi. Kwana goma sha huɗu suka cika. Ranar nan kifina ya ƙone sau biyu.

Washegari bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Muryar ta yi mini kama da wadda na sani. Na laɓe a bayan ƙofa na leƙa. Alhaji Labaran ne, ya tsufa, riƙe da kwandon kaji an rufe da mayafi.

"Malam Aƙilu, na kawo maka ajiyarka."

Ya yaye mayafin. Sai ga Ɓarauniya, ta yi buɗu-buɗu da toka, tana hamma.

"Alhaji! A ina?"

"Daga cikin kurar da mai itace ke turawa ta diro a ƙofar gidana shekaranjiya, ta shige ɗakin girki. Yau iyali suka kamo ta za su kai ta bayan ganuwa, sai idona ya faɗa kan ƙafar. Na ce ku tsaya. Na goge tokar da yatsa, na ga bakin askar ya kwanta daga hagu. Na ce wannan hannun bahago ne, kuma bahagon da ke rufe tambari ba a ga inda zare ya ƙare ba, duk Zazzau mutum ɗaya ne."

Ni da ke bayan ƙofa sai da na share ido da bakin zane.

Aka kira Dogara, ya zo yana faɗa tun daga waje, wai an ƙara masa kwana. Ya taɓa tafin ƙafar ya ce ya fara kumbura, a yi maza. Ya zaro wuƙa zai farke ƙyallen, Alhaji Labaran ya riƙe masa hannu.

"Haba Dogara, wannan aikin za ka sa wa wuƙa?"

Malam da kansa ya zauna da bakin allura ya warware ɗinkin, zare bayan zare. Karan suka zube. Dogara ya murza ƙafar da man kaɗanya, ya ajiye ta a ƙasa. Ta ɗaga ƙafar, ta lashe, ta girgiza. Sannan ta taka. Ta sake takawa.

"Alhamdu lillahi," in ji Dogara. "Kwana ɗaya aka ƙara da wani zance ake."

Alhaji ya ɗauki ɗan ƙyallen, ya kaɗe, ya sa a aljihun gaba. Ya ce akwai wata shadda a wurinsa da ya daɗe yana jin tausayin kai ta bakin keke, gobe zai aiko da ita, in Malam bai yi fushi da shi ba. Malam ya ce fushin me, a kawo.

Ita kuwa wadda aka taru dominta ba ta tsaya jin sauran ba. Ta ratsa ta tsakanin ƙafafuna ta shige cikin gida, da ƙafa huɗu cif, ta miƙe sak zuwa tiren kifina. Tsintsiya tana nan jingine kusa da hannuna. Na tsaya ina kallo har ta gama zaɓe, kuma babban ta ɗauka.