Kakan Aji Ya Manta Tabarau

Auta ta riga ta sa ƙafa ɗaya a cikin bas sai ga Mama ta biyo ta da sassarfa, mayafi a karkace, ta cusa mata wani abu a hannu. Gidan tabarau ne baƙi, wanda murfinsa ya saki har aka ɗaure shi da roba. Mama ta ce Baba ya bar shi a kan firij, ga shi yau ne zai tsaya gaban aji, kuma in babu shi ko sunansa ba ya iya karantawa. Kafin Auta ta buɗe baki direba ya ja mota.

Ta zauna da abin a cinya kamar an ɗora mata garwashi. Mama ta san 'yarta da mijinta ajinsu ɗaya a jami'a, har alfahari take yi da hakan wurin maƙwabta. Abin da ba ta sani ba shi ne, a cikin jami'ar nan babu mai rai da ya san Auta 'yar Baba ce.

Ita Auta likitanci ta nema. Jami'a ta tura ta sashen da ake karanta tarihi da falsafa da adabi da harsuna a haɗe, kowanne a ɗan taɓa. Yayyenta suka raɗa wa karatun suna komai-da-ruwanka, suna tambayarta in ta gama ofishin wa za ta ƙwanƙwasa. Ta yi kuka har ta gode Allah. Baba kuwa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a maɗaba'a yana buga littattafan da bai taɓa samun sukunin karantawa ba, ya ɗauki tsarin darussan don ya lallashe ta, sai shi ya kamu. Ga ritaya, ga lokaci ya yi masa yawa. Ya nemi gurbi ta ƙofar da aka buɗe wa manya, aka ba shi, wai don ya nuna mata karatu ne na gaske.

Ana gobe za a fara lacca ta same shi yana goge takalmi. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta roƙe shi su yi kamar ba su san juna ba a makaranta. Bai ɗago ba. Ya hura bakin takalmin, ya ce to. Tun daga ranar yake riga ta fita, ya zauna a layin gaba, ita tana can ƙurya ta baya. Ba a yi nisa ba aji ya sa masa Kakan Aji, saboda furfura, da kuma halinsa na ɗaga hannu daidai lokacin da malami ke tattara takardu zai fita. In aji ya ɗau guna-guni, Auta takan sunkuyar da kai. Wani lokacin ma, Allah na gani, takan taya su dariya.

Tun a mota ta fara kiran wayarsa. A kashe take, don Baba kashe waya yake yi da zarar ya shiga ƙofar jami'a, wai ladabin ilimi ke nan. Ta ja tsaki har matar da ke gefenta ta waigo.

Ta hango shi a gindin bishiyar da ke gaban laburare, yana shafa aljihun riga, ya koma na wando, ya zazzage jaka a kan benci. Ta nufe shi ke nan aka riƙo hannunta ta baya. Ƙawarta ce, wadda ake kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa, tare da wasu 'yan aji. Rediyo ta ce yau akwai kallo, Kakan Aji zai yi jawabi, kowa ya tanadi matashin kai. Ta kwaikwayi yadda yake gyara murya kafin ya yi tambaya, aka kwashe da dariya. Baba ya ɗago ya ga Auta cikin ƙawaye. Nan da nan ya tattara kayansa ya shige ginin, ko waiwaye babu.

Darasin harshe na safe ya wuce ba ta ji komai ba. Tana ta buɗe jaka tana taɓa gidan tabarau, tana rufewa. Ta san nauyin jawabin nan. Baba ya faɗi gwajin farko a darasin tarihi don hannunsa ba ya sauri, kuma Dokta, malamar darasin, ta ce da wannan jawabi ne mutum zai fanshi kansa ko ya maimaita darasin baɗi. Batun da aka ba shi, yadda magabata suke auna lokaci kafin a ƙera agogo. Makonni ya yi yana bita a falo, Mama na guga tana cewa ya yi kyau, ko da ba ta saurara ba.

Da aka tashi ta sulale ta bar Rediyo a layin sayen ruwa. Ta same shi a barandar sashensu, shi kaɗai. Ta ɗaga hannu tana sauri. Yana ganinta ya juya ya fuskanci allon sanarwa, ya goya hannu a baya, yana nazarinsa da gaske, mutumin da ba ya ganin ko harafi ɗaya a jiki. Saura ƙiris ta isa sai ga samarin aji sun ɓullo daga matakala suna kiransa, ɗaya har da rusunawar tsokana. Sai ta fasa. Ta wuce su kamar bayi za ta.

A can ta tsaya gaban famfo tana huci. Haushinsa take ji. Wane irin mutum ne wannan, a ce masa abu sau ɗaya ya riƙe kamar wahayi? Ta yi tunanin ta miƙa wa shugaban aji tabarau ɗin ta ce tsintarsa ta yi, amma shugaban aji saurayin Rediyo ne, kafin yamma sai an tambaye ta yadda aka yi ta san na Kakan Aji ne. Ta ce to bari ta riga kowa shiga ta ajiye masa a kujera. Tana isa ta tarar ɗakin laccar ya cika maƙil, fankoki na kaɗa zafi, shi kuma yana zaune a layin gaba, ya dafe takardunsa da hannu biyu.

Mutum biyu suka yi nasu jawabin suka sauka. Dokta ta kira shi.

Ya hau dandamali, ya gyara makirufo, ya gyara murya, aka fara ƙus-ƙus. Farkon ya zo masa da ka, ya yi maganar inuwar sanda da tulun ruwa mai ɗiga, muryarsa a daidai. Sai hadda ta ƙare. Ya ɗaga takardar. Da ƙananan haruffa ya buga ta, don tsohon ma'aikacin maɗaba'a ba ya iya ganin ana ɓarnar takarda. Ya miƙa ta nesa, ya kawo ta kusa, ya karkata ta wajen taga. Wani daga tsakiya ya ce a ara wa Kaka dogon hannu. Ɗakin ya ɗauka da dariya. Dokta ta buga tebur, ta dubi agogo, ta ce in bai shirya ba ya zauna a kira na gaba.

Ya ce a yi masa haƙuri kaɗan. Gumi ya jiƙa wuyan rigar da Mama ta goge masa. Ya dubi Dokta, ya dubi taga, ya dubi ƙasa. Ya san kujerar da Auta take zama sarai, amma ko sau ɗaya bai kalli wajen ba. Wannan ne ya karya mata zuciya. Kunya ta rufe ta, ba irin wadda ta saba ji ba.

Ta miƙe. Rediyo ta ja mata gefen riga tana tambayar ina za ta. Matakalar ɗakin ta yi mata tsawo, takalminta na ƙara, dariyar na mutuwa layi bayan layi. Ta hau dandamalin, ta cire robar, ta miƙa masa tabarau.

Ya karɓa. Ya dube ta, ya dubi aji, sai ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa baƙuwa.

"Allah ya yi albarka, baiwar Allah," in ji shi. "A ina kika tsince shi?"

Ƙofa ce ya buɗe mata, ta gane. In ta so, ta ce a baranda, ko a gindin bishiya, ta koma kujerarta, shi ke nan. Makirufo na tsakaninsu.

"A kan firij, Baba," ta ce. "Mama ta ce wataran kanka ma a gida za ka bar shi."

Daga can baya Rediyo ta yi salati a hankali. Baba ya sa tabarau, ya cire, ya goge shi da gefen riga ya daɗe yana gogewa, alhali Mama ta riga ta goge. Dokta ta ce lokaci na tafiya, amma a wannan karon ba ta dubi agogo ba.

Auta ta sauko. Kujera ɗaya ce babu kowa a layin gaba, tasa. Ta ɗauke jakarsa ta ɗora a cinya, ta zauna. Ya gyara murya, ya nemo layin da ya tsaya da yatsa, ya ci gaba.