Kyamara a Bayan Madubin Baba

Auta ce ta kai motar Baba wurin mai gyaran wayar mota, da sunan za a duba fitila.

"Ka maƙala kyamarar nan a bayan madubin gaba," ta ce masa. "Ka cusa wayarta cikin rufi, kada Baba ya gani."

Idon Baba ya yi rauni, amma ko zancen ajiye tuƙi ba ya son ji. Shaida take nema, ta kuwa samu. A bidiyon farko ya tsallake jar danja, wani mai babur ya sha da ƙyar. Ko ƙarshensa ba ta kalla ba ta tura wa Yaya. Kafin la'asar Yaya ya je ya karɓe makullin motar.

Sai washegari ta ƙarasa kallo. Motar ta tsaya a bakin maƙabartar da aka binne Mama. Baba ya gyara murya.

"Na zo, Hajiya. A gida ba na iya yi miki hira, yaran nan sai su ce na ruɗe. Autarki ce kaɗai ba ta sa mini ido. Jiya ma har fitila ta gyara mini."