Mai Askin Tumaki a Taron Asabar

Kelvin Treloar ya tsufa yana askin tumaki a gonakin da ke kewaye da garin Broken Hill, hannunsa bai taɓa ba shi kunya ba sai ranar nan. Da sassafe ne, cikinsa babu komai sai ragowar giyar jiya, hannun ya ɗauki rawa, injin aski ya zame ya farke cikin wata tunkiya. Ya tsaya yana kallon jini yana bin tsagar katako. Mai gonar ya ja tunkiyar waje ya harbe ta, ya dawo ya ce masa ya tattara nasa ya nasa. Kelvin ya tattara. Bai ji haushi ba, bai ji kunya ba. Abin da ya lura da shi kawai, ƙudaje sun yi yawa a rumfar askin.

Ƙanwarsa Glenys ta ba shi ɗakin baya a gidanta. Can yake wuni kwance, idonsa a kan fanka.

"Yaya," ta ce masa wata safiya daga bakin ƙofa, "akwai taron da masu son barin giya ke yi ran Asabar da la'asar. An ce a bayan coci ne, wajen tashar jirgin ƙasa."

"To."

"To me? Za ka je ko ba za ka je ba?"

Ya je, don zuwan ya fi gardama sauƙi.

A bayan cocin bai tarar da kowa ba sai mata suna jera gwanjo a kan tebura. Ya tambayi wata tsohuwa a hankali. Ashe kunnenta ya yi nauyi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Au, taron mashaya kake nema? Ai sun tashi daga nan, ɗana! Sun koma ɗakin 'yan ƙwallo, can ƙarshen fili!"

Matan duk suka juyo. Ya yi godiya ya fita. Rana na dukan ƙeyarsa, ya wuce ta gaban mashayar da ya saba zama, sanyi da ƙanshin giya suka biyo shi ta ƙofa. Ƙafarsa ta rage sauri, amma ba ta tsaya ba. Shi kansa bai san dalili ba.

Ɗakin 'yan ƙwallon warin zufa da man zafi yake yi. An jera kujerun roba a kewaye, mutane ba su kai goma ba. Wata mata mai furfura ta juyo daga wajen butar shayi, ya gane ta nan take. Raelene ce, wadda ta yi shekaru tana zuba masa giya a mashayar da ya wuce yanzu.

"Lallai yau da baƙo! Ga babban kwastomana."

"Raelene, me ya kawo ki nan? Ciniki kika biyo?"

"Bakinka dai bai mutu ba. Kana zaton ku kaɗai ke sha? Ni tawa a kofin shayi nake zubawa, in ɓoye ƙarƙashin kanta. Zauna, tsoho, kafin ka faɗi."

Aka fara. Kowa ya faɗi sunansa, ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Wani ƙaton direban tirela mai suna Warwick ya ba da labarin ranar da 'yarsa ta canza makullin gida don kada ya shiga. Kelvin yana jin su kamar rediyon maƙwabta. Da layi ya zo kansa, ya dubi hannayensa.

"Sunana Kelvin. Askin tumaki nake yi. Da dai. Na kashe dabbar mutane, an kore ni. Ina ta jira abin ya dame ni, har yau bai dame ni ba."

Ba wanda ya yi mamaki. Warwick ya sosa gemu.

"Haka abin yake, mutumina. Ni na daɗe ko gishirin abinci ba na ji. Ranar da ɗanɗanon ya dawo, a kan soyayyen dankali na fashe da kuka, a gaban jama'a."

Aka yi 'yar dariya. Kelvin bai yi ba, amma ya shanye shayinsa.

Ran Laraba ya sha. Ya sha sosai, Glenys ta tsince shi a gindin famfon tsakar gida. Asabar ta zagayo ya koma, ya faɗa musu. Raelene ta gyaɗa kai, ta miƙo masa tsumma.

"Ka dai zo. Goge mana kofuna."

Da ya dawo gida Glenys na yankan kabewa.

"Yaya taron?"

"Shayinsu ba daɗi."

"Za ka koma?"

"Sun ce ni zan riƙa kawo madara."

Ta ci gaba da yanka. Shi kuma ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya ɗauki ɗaya wuƙar ya fara fere ɓawo, a hankali, yana yi yana hutawa.